Koyoti na cinye mana 'yan tumaki a Wyoming: wane harsashi zan saya?

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Iyayena da yayyena, shawara nake nema. Ina aiki a wani garken tumaki a kudancin jihar Wyoming ta Amurka, kuma haihuwar bana ta zo mana da asara. Koyoti, dilan nan na Amurka, ya matsa mana lamba. Da safe sai a tarar da ɗan rago an kama masa maƙogwaro an farke ciki, uwar na tsaye a kansa tana kuka. Maigidana ya ce in nemi bindiga tawa ta kaina, zai biya rabin kuɗin. Na je shago, mai shagon ya jero min nau'ikan harsashi uku, .223 Remington da .22-250 da .243 Winchester, kowanne ya yaba shi. Wurinmu fili ne fetal, ba bishiya, sai ciyawa da gajerun tsirran nan dangin tazargade, iska kuma ba ta hutawa. Wanne ya dace da ni?

Mai Kula da Zaure: Wa alaikumus salam. Kafin a shiga maganar harsashi, ƙanena, wace takarda kake zaune da ita? Ba bin diddigi nake yi ba. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar ɗan lokaci, ta karatu ko ta aiki ko ta ziyara, riƙe bindiga ko harsashi, sai in yana da lasisin farauta mai aiki daga wata jiha. Abin da ke ruɗa mutane a Wyoming shi ne jihar ba ta neman lasisi a kan koyoti, ta sa shi cikin dabbobi masu ɓarna, ana harbinsa duk shekara. Sai mai biza ya ɗauka shi ma ba ya buƙatar komai, alhali dokar tarayya na nan a kansa.

Ɗan Damagaram: Na gode Yaya. Koren kati nake da shi, na zaman dindindin, ta ƙuri'ar biza na zo. Na kuma yi kwas ɗin koyar da mafarauta.

Mai Kula da Zaure: To madalla. Za ka cike fam 4473 na sayen bindiga a shagon, su duba tarihinka, shi ke nan. Bismillah, masana.

Baba Nebraska: Ɗana, sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Ni amsata ɗaya ce, .22-250. An yi ta ne don irin ƙasarku. Tun shekarun 1930 masu sha'awa suke haɗa ta da hannu daga kwanson harsashin .250 Savage, kafin kamfanin Remington ya ɗauke ta a 1965, kuma har yau makiyayan yammacin ƙasar nan suna rataya ta a mota. Harsashi mai giren 55 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) yana fita da gudun ƙafa 3,680 a daƙiƙa. Irinsa a .223 yana fita da 3,240. In ka daidaita madubin saitin da ke kan bindigarka a yadi 200, a yadi 300 na .22-250 zai sauka kamar inci 5, na .223 kamar inci 7. Za ka ce inci biyu ne kawai. To wurin da ake nema a ƙirjin koyoti bai fi inci 6 ba in ka cire gashi, kuma a fili irin naku ido na yaudara, abin da ka ɗauka yadi 250 ne sai ya zama 320. Harsashin da ke tafiya a miƙe shi ke rufa maka asiri in ka kuskure nisa.

Injiniya Houston: Baba, ina girmama maganarka, amma bari in kawo ɗaya gefen. Yaron nan sabon hannu ne. Abin da zai kashe masa koyoti a watannin farko ba gudun harsashi ba ne, yawan atisaye ne. A cikin harsasan tsakiya na dogayen bindigogi, wato masu kama wuta daga tsakiyar gindin kwanso, .223 na cikin mafi araha a ƙasar nan, saboda ɗan'uwan 5.56 na soja ne, ana buga shi ba adadi, ko a ƙaramin shagon ƙauye za ka same shi. Kuɗin da zai sayi kwali ɗaya na .22-250 zai iya sayen na atisaye fiye da haka a .223. Ga shi ba ta naushin kafaɗa, kana harbi kana ganin inda ya faɗa ta cikin madubi. Sannan .22-250 na cin maƙogwaron bututu da wuri, albarushi mai yawa ne ake turawa ta ƙaramin rami. Kuma mu faɗi gaskiya, in kana kira da na'urar kukan zomo, yawancin koyoti a ƙasa da yadi 150 suke tsayawa. A wannan nisan .223 ba ta da abin kunya.

Baba Nebraska: Injiniya, a Texas ɗinku ne suke zuwa yadi 150, inda ƙaya da kurmi suka rufe ko'ina. Koyotin da ya saba da garken tumaki a Wyoming an sha harbinsa, an sha kiransa da na'ura, wani ma an bi shi da jirgi. Zai tsaya can kan tudu a yadi 300 ko fiye ya zuba maka ido, ya zagaya ta inda iska za ta kai masa warinka, ya tafi abinsa. Maganar cin bututu kuma, mai harbin ɓerayen daji ɗari-ɗari a wuni shi ke kuka da wannan. Makiyayi zai shekara da shekaru bai cinye bututu ba.

Injiniya Houston: Na yarda da batun fili. Amma sabon hannu bai kamata ya harbi dabba a yadi 300 ba ko da wace bindiga ce a hannunsa.

Baba Nebraska: A nan kam ba mu da saɓani.

Ɗan Alberta: Salam jama'a. Ni a nan Kanada fata nake nema, don haka nawa ra'ayin ya ɗan bambanta. Ina amfani da .204 Ruger, wadda Hornady da Ruger suka fitar a 2004. Mai giren 32 tana wuce ƙafa 4,200 a daƙiƙa, amma ni mai giren 40 na fi so don ta fi jure iska. In ta shiga ƙirji sai ta tarwatse a ciki, ba ta fita, rami ɗaya ƙarami, ba ɗinki. Ita kuwa .22-250 in ta daki ƙashin kafaɗa daga kusa, ramin da za ta bari sai ka zauna da allura da zare. .243 kuma ba a magana. Ƙanena, in kana da niyyar sayar da fata a hunturu, ka sa wannan a lissafi.

Baba Nebraska: Wace fata kuma a watan Mayu? Yanzu suna zubar da gashi, ba mai saye ko kyauta. Fata sai daga Nuwamba zuwa Janairu. Kuma kasuwar ba kamar da ba ce. Kamfanin Canada Goose ne babban mai sayen fatar koyoti don gefen hular rigunan sanyi, a 2021 ya sanar zai daina, farashi ya faɗi. Yaron nan 'yan raguna yake son tsarewa.

Ɗan Alberta: Gaskiya ne Baba, farashi ya sauka sosai. Mai kauri mai haske ta yankinmu har yanzu ana saye, sauran kam sai a hankali. In kare garke ne kawai manufa, to .204 ba ta da fifiko, kuma harsashinta ba a kowane shago ake samu ba. Na janye ta.

Sabon Zuwa Ohio: Don Allah ni tambaya ce. Abokin aikina yana da .17 HMR, ya ce yana kashe koyoti da ita. Ba ta da ƙara, ga araha. Me ya hana ta?

Injiniya Houston: Ta zomo ce da kurege, ɗan'uwa. Giren 17 ne kacal, gudun ƙafa 2,550. Tana iya kashewa in aka samu daidai wuri daga kusa ƙwarai, amma in ta daki kafaɗa sai ta fashe a waje, dabbar ta gudu da rauni ta je ta mutu bayan kwanaki. Koyotin yamma yana kai kilo 10 zuwa 15, na gabas irin na wajenku ya fi haka girma don yana da jinin kyarkeci. Kuma dabba ce mai taurin rai. A bar ƙananan harsasai irin .17 HMR da .22 LR daga wannan magana.

Malam Liman: Assalamu alaikum. Maganar Injiniya ta ƙarshe ta sa zan sa baki, ko da yake bindiga ba fagena ba ce. Kashe dabbar da ke cin dukiyar mutane halal ne. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya fassara kare mai cizo da aka yi umarnin kashewa da cewa ya haɗa da duk abin da ke far wa mutane irin su zaki da damisa da kyarkeci. Kare garke kuma amana ce a wuyan makiyayi. Amma hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan. Saboda haka zaɓen harsashi ba maganar sha'awa kaɗai ba ce. Wanda ya ɗauki ƙaramin harsashi don araha, ko ya harba daga nisan da ya san hannunsa bai kai ba, ya bar dabba da hanji a waje tana jan jiki cikin daji, ya saɓa wannan umarnin. An kuma hana mai da abu mai rai abin gwada saiti. Ina jin ana shirya gasa a wasu garuruwa, wanda ya fi tara gawa ya ci kyauta. Ɗana, ka nisanci wannan. Ka kashe wanda ke maka ɓarna, da harbi ɗaya in Allah ya nufa.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na riƙe. Naman fa? Ba ci zan yi ba, don sani ne.

Malam Liman: Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana cin duk mai fiƙa daga namun daji. Mafi yawan malamai haramci suka fahimta, mashhurin Malikiyya karhanci ne. Ka bar shi.

Hajiya Likitar Dabbobi: Sannunku da muhawara. Ɗana, kafin ka kashe kuɗinka, ka tabbatar koyotin ne duka. Ka feɗe wuyan ragon ka duba. Koyoti a maƙogwaro yake kamawa, bayan muƙamuƙi, za ka ga ramukan haƙora da jini ya taru ƙarƙashin fata, sannan ya fara ci daga ciki, hanta da huhu. Karen gida yagalgala dabba yake yi ta baya da ƙafafu, sau da yawa bai ci komai ba. Mikiya kuwa ramukan farce take bari a baya ko a ka. In ba jini ƙarƙashin fatar, ragon ya riga ya mutu ne, sanyi ko yunwa, koyoti gawa ya tarar. Wannan na ƙarshen ya fi yawa fiye da yadda makiyaya ke zato. Mikiya kuma dokar tarayya na kare ta, ko kusa kada ka nuna mata bindiga.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Hukumar Wildlife Services ta ma'aikatar gona tana kashe koyoti sama da 50,000 a kowace shekara, ban da na mafarauta, Utah ma tun 2012 ta fara biyan dala 50 a kan kowane ɗaya, amma koyoti sai ƙara yaɗuwa yake, yau har cikin Chicago da Los Angeles. In ka kashe na wani yanki, wasu suna shigowa su maye gurbin. Binciken da aka yi a cibiyar Hopland ta California ya nuna yawancin kisan tumaki aikin miji da mata ne masu riƙe da yankin, musamman lokacin da suke ciyar da 'ya'ya a rami, wato daidai wannan watan. Ka kashe goma marasa laifi, biyun nan na ci gaba da cin ragunanka.

Baba Nebraska: Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma maganarta ma ta ƙarfafa tawa. Waɗannan biyun su ne tsofaffin hannu, su ne masu wayo, ba sa rugowa wajen kukan zomo kamar 'yan bana. Sai ka kwanta a tudu kafin asuba inda suke bi su shiga garke, ka jira. Dama ɗaya za su ba ka, kuma daga nesa. In ka kuskure ka ƙara musu ilimi.

Kawu Mafarauci Montana: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Kowa na maganar saukar harsashi, an manta abin da yaron ya faɗa tun farko, iska. Sauka abu ne sananne, ka sayi na'urar auna nisa, ka rubuta lissafinka ka manna a gindin bindiga, an gama. Iska ce ba ta da alƙawari. A iskar gefe mai gudun mil 10 a awa, a yadi 300, giren 55 na .223 zai kauce kusan inci 11, na .22-250 inci 9 da wani abu, giren 87 na .243 kuwa kusan inci 7. A kudancin Wyoming, wajen garuruwan Rawlins da Rock Springs, mil 10 ai ranar hutu ce. In ta kai 20 sai ka ninka waɗannan lambobi sau biyu. Harsashi mai nauyi da tsawo shi ke yanka iska. Shi ya sa na ce .243.

Ga dalili na biyu, wanda ya shafe mu musamman. Yaron nan yana zaune a jihar da ta fi kowace yawan barewar nan mai suna pronghorn, ga barewa mai manyan kunne a ko'ina. Naman halal a ƙauyen Wyoming wahala ne da shi, sai an yi tafiya mai nisa. Da .243 ɗaya, ya sa giren 58 ko 75 ko 87 don koyoti, kaka ta zo ya sa giren 95 ko 100, ya ciri lasisi, ya yi bismillah ya cika firji. Tun 1955 da Winchester ta matse wuyan kwanson .308 ta fitar da ita, wannan aiki biyun take yi.

Injiniya Houston: Kawu, ai Wyoming ta halatta .22 ta tsakiya a kan barewa yanzu.

Kawu Mafarauci Montana: Ta halatta, da sharaɗin harsashin ya kai giren 60 ko fiye. A nan ne gizo ke saƙa. Yawancin .22-250 na da, murɗin cikin bututunsu zagaye ɗaya ne a inci 14, an yi shi don harsashi mara nauyi. Ka sa mai giren 65 ko 70 dogo, ba zai juya da saurin da zai tsaya a miƙe ba, sai ka ga ya huda takarda a kaikaice. Akwai sababbi masu murɗin 1 a 8 ko 1 a 9, amma sai ka tambaya, mai shago ba lallai ya faɗa maka ba. .223 mai murɗin 1 a 8 za ta ɗauki mai nauyi, amma ƙarfinta a kan barewa daga nesa kaɗan ne, mu koma ga maganar Malam.

Baba Nebraska: Kawu, ba na musun lissafinka. Abin da nake tsoro naushi ne. .243 ba ta da zafi ga wanda ya saba, amma ta ninka .22-250, kuma bakin bindigar na ɗagawa, ba ka ganin inda harsashi ya sauka. Sabon hannu in ya fara runtse ido kafin ya ja kunama, cire masa wannan ɗabi'a aiki ne.

Kawu Mafarauci Montana: Da giren 58 ko 75 naushin kaɗan ne. Ya toshe kunne da kyau, rabin firgita ƙara ce ke kawo ta ba naushi ba. Ya kuma yi atisayen jan kunama ba harsashi a ciki, kullum da yamma, ba ya cin ko sisi.

Sabon Zuwa Ohio: 6.5 Creedmoor fa? Kowa ita yake yabo a wajen aiki.

Kawu Mafarauci Montana: Tana da kyau, tana jure iska fiye da duk waɗannan. Amma yawancin harsashinta na kasuwa giren 120 zuwa 147 ne, an gina shi don ya ratsa babbar dabba. Zai ratsa koyoti ya ci gaba da tafiya, a filin da tumaki da karnuka da makiyaya ke warwatse. Mai saurin tarwatsewa ya fi aminci kusa da garke.

Injiniya Houston: Wannan batu ne babba, bari in ɗora. Ko wace ka saya, kada ka yi farauta da harsashin atisaye mai rufin ƙarfe gaba ɗaya, wanda aka rubuta FMJ a kwalinsa. Yana huda dabba kamar allura ya wuce, kuma yana tsalle in ya daki dutse ko ƙasa mai ƙanƙara. Ka nemi mai kan roba irin V-Max ko Ballistic Tip, ko mai taushin kai. In kuma .223 ka ɗauka, ka karanta abin da aka buga a jikin bututun. Wadda aka rubuta 5.56 tana cin duka biyun. Wadda aka rubuta .223 Remington kaɗai, kada ka sa mata 5.56, matsinsa ya fi yawa.

Hajiya Likitar Dabbobi: Tunda an zo kan irin harsashi, mai saurin tarwatsewa yana barin ɓurɓushin dalma cikin gawa, mikiya da hankaka su ci su kamu da guba. Dalilin da California ta hana dalma a duk farauta ke nan tun Yulin 2019. Wyoming ba ta hana ba, amma ko dai ka sayi mara dalma, ko ka binne gawar. Ka sa safar hannu in za ka taɓa ta, suna ɗauke da ƙazuwa da tsutsar ciki mai kama mutum, kuma kada ka bari karnukan garke su ci.

Ɗan Damagaram: Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, na duba 'yan raguna biyu na jiya kamar yadda kika ce. Ɗaya akwai ramukan haƙora a wuya da jini, ɗayan babu komai, cikinsa ma ba nono. Na nuna wa maigida. Game da bindiga, zuciyata ta karkata ga .243, saboda iska da kuma maganar nama. Baba, ka yi haƙuri.

Baba Nebraska: Ba komai ɗana, Kawu ya kawo hujja. Amma ka ji sharuɗɗana. Kada ka zuba kuɗin duka a bindiga ka sayi madubin banza, madubi mai ƙarfin 3 zuwa 9 ko 4 zuwa 12 na kamfanin kirki ya isa. Ka nemi sandunan ɗora bindiga, don a tsaye ko a gwiwa ba za ka samu komai ba. Ka zaɓi irin harsashi ɗaya ka daidaita madubi da shi, in kaka ta zo ka canja zuwa mai giren 100 sai ka sake daidaitawa, ba wuri ɗaya suke faɗawa ba. Kuma nisan da za ka iya sa harbi biyar cikin faɗin inci 6 daga kan sanduna, cikin iska ba ranar da ta kwanta ba, shi ne iyakarka. In 150 ne, to 150 ne, har sai hannu ya faɗa.

Mai Kula da Zaure: In za ka fita da fitila da dare, ka sa maigidan ya rubuta maka izini a takarda ka riƙe a aljihu. Ka kuma san iyakar ƙasarsa, don a yankin nan filin gwamnati da na mutane a cakuɗe suke, murabba'i bayan murabba'i.

Hajiya Likitar Dabbobi: Karnukan gadi nawa ne a garken, kuma wane iri?

Ɗan Damagaram: Biyu ne Hajiya, farare manya, Great Pyrenees. Ɗaya ta tsufa, ba ta nisa da tanti. Tumakin kuma sun haura dubu, a warwatse suke haihuwa.

Hajiya Likitar Dabbobi: To kare ɗaya ke nan kuke da shi, kuma koyoti biyu sun iya raba masa hankali, ɗaya ya ja shi gefe ɗaya ya ɗauki rago. Ka gaya wa maigidan ya ƙaro aƙalla biyu, ya haɗa da Akbash ko Kangal don sun fi bin sawu da nisa. Ɗan kwikwiyo sai ya tashi cikin tumaki tun yana sati takwas, kuma ba ya zama abin dogaro sai ya kusa shekara biyu, don haka in ana son su yi aiki a haihuwar baɗi, manya waɗanda suka riga suka saba da garke zai nema. Su kuma farare ne ko masu ruwan ƙasa, da duhun asuba cikin madubi ana iya rikita su da koyoti, ka sa musu abin wuya mai ƙyalli kafin ka fara kwanton.